Yaron da Bakinsa Ya Yi Nauyi: Aikin Mai Gyaran Magana Daga Ruga Zuwa Zango

Gaisuwa ga iyayena da yayyena na Nima da Mamobi da Sabon Zango, da masu tsaye a karar shanu ta Tulaku a Ashaiman, da waɗanda ke bisa hanya tsakanin Paga da Bawku da Aflawo. Mai jiran takarda a boda, Allah ya kawo sauƙi. Mai kora dabbobi zuwa mashaya, Allah ya kai ku lafiya.

Maganarmu ta yau a kan yara ce, irin yaron nan da za ka ji ana cewa bakinsa ya yi nauyi. Ya shekara uku, tsararrakinsa suna ta surutu, shi kuwa sai nuni da yatsa. Ko ya shiga makaranta, malam ya yi tambaya, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ko kuma yana da in'ina, ya buɗe baki kalmar ta maƙale, aji ya fashe da dariya. Kusan kowane gida akwai irinsa, a ruga ko a zango. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya yi karatunsa a jami'a, yana da lasisi. Mu kira shi mai gyaran magana. In ka je asibiti a nan Gana, ka tambayi sashen sipich terafi. In kuma kana Togo ko Burkina Faso ko Nijar, sunansa ortofonis.

To, wane ne shi? Da farko dai ba ya yin allura, ba ya yin fiɗa, ba ya rubuta magani. Kayan aikinsa kunne ne da ido da haƙuri, sai hotuna da 'yan kayan wasa. Yana duba abubuwa kamar biyar. Na ɗaya, furuci: yaron da ke musanya haruffa har baƙo ba ya gane abin da yake faɗa, abin da muke kira tsamin baki. Na biyu, in'ina. Na uku, harshen kansa: yaron da ba ya fahimtar abin da aka ce masa, ko yana da abin faɗa amma ba ya iya jera kalmomi. Na huɗu, yaron da kunnensa ba ya ji sosai, ko aka haife shi da tsagaggen leɓe ko tsagaggen ganɗa, ko yana da galahanga. Na biyar, haɗiya, domin jijiyoyin da ke aikin magana su ne ke aikin taunawa da haɗiye abinci. Manya ma yana duba su. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke, wurinsa ake kai shi. Amma yau yara muka sa a gaba.

Kada wani ya ɗauka abin ba shi da yawa. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2016 ya gano cewa cikin yara 100 masu shiga makaranta, kusan 7 suna da matsalar harshe wadda ba kurumta ta kawo ta ba, ba kuma taɓin hankali ba. Wato a ajin yara 30 za ka sami biyu. Ka tuna ajin ƙauye, inda malami ɗaya ke fama da yara cike da ɗaki. In'ina kuwa, kusan yaro 5 cikin 100 kan yi ta a wani lokaci na ƙuruciya, galibi tana somawa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Yawancinsu tana barinsu, amma kusan mutum 1 cikin 100 yakan girma da ita, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba.

Abu na farko da mai gyaran magana zai tambaye ka shi ne: an gwada kunnen yaron nan? Dalili kuwa, da kunne ake koyon magana. Abin da yaro bai ji ba, ba zai faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da za a iya kauce masa. Iyayena na arewa, wannan ya shafe mu kai tsaye. Daga arewacin Gana zuwa Burkina da Nijar da arewacin Najeriya, yankin sanƙarau ne, kowa ya san yadda yake tashi in zafi ya yi. Cikin waɗanda suka tashi daga sanƙarau, kusan 1 cikin 5 yakan rage da wata lalura, kuma kurumta na kan gaba. Ƙyanda ma tana kashe kunne, haka hangum, haka shawara mai tsanani ga jinjiri, haka kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ba a kula ba. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura. Ba ya ciwo, ba ka ganinsa, amma yaro yana jin magana kamar wanda ya nutsa kansa cikin kogi. Irin wannan yaron ne ake yi wa lakabi da mai taurin kai, a ce ana kira yana ji ya ƙi amsawa.

Kada ka dogara da tafa hannu a bayansa ka ce ai ya waiwayo. Yaron da ba ya ji yana da kaifin ido, yana ganin inuwarka, yana jin motsin ƙasa. Gwajin gaskiya da na'ura ake yi, ba ya ciwo, jinjiri ma ana yi masa yana barci. Akwai wurin gwajin ji a asibitin koyarwa na Korle Bu a Ankara, akwai a asibitin Komfo Anokye a Kumasi.

Yanzu mu shiga aji, don a nan ne maganar ta fi shafar 'ya'yanmu. A tsarin Gana, yaro yana shiga ajin share fage yana ɗan shekara 4, kuma an tsara a fara koyar da shi da harshen gida kafin Turanci ya karɓe. Cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyinsu a makarantu akwai Tuwi na Asante da na Akuwapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagare da Kasem. Ka duba da kyau. Babu Hausa a ciki, babu Fulfulde, babu Zabarmanci. Saboda haka ɗan Ardo da ya taso daga ruga ya shiga makarantar ƙauye a filayen Afram, da Tuwi ko Ewe za a tarbe shi. Ɗan Nima kuma yana jin Hausa a gida, Tuwi da Ga a kasuwa, Turanci a boko, Larabci a makarantar allo.

A nan ake yin kuskure iri biyu, kuma kowanne yana cin yaro. Na farko, yaro lafiyarsa lau, a gida ya fi kowa surutu da Fulfulde, amma don bai iya harshen aji ba sai a ce daƙiƙi ne, a mai da shi bayan aji. Na biyu, yaro yana da matsala ta gaske, amma kowa ya ce ai baƙon harshe ne, zai saba. Shekara ta wuce, biyu ta wuce, bai saba ba, har ya gaji ya bar makarantar. Rarrabe waɗannan yara biyu yana cikin manyan ayyukan mai gyaran magana, kuma ma'auninsa kai ma za ka iya riƙewa. A duba yaron da harshen da ya sha a nono. In yana ba da labari tsaf da harshen uwarsa, yana gane aike, yana gardama da yayyensa, to lokaci da koyarwa kawai yake bukata. In kuwa harshen gidan ma yana gagararsa, ƙanensa ya wuce shi, to a nemi taimako.

Akwai wata magana da ke yawo, cewa yawan harsuna ne ke rikita yaro, wai a daina yi masa Hausa ko Fulfulde, a riƙa yi masa Turanci zalla. Hajiya, kada ki yarda. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa tashi cikin harsuna biyu ko uku ba ya haddasa matsalar magana. Mu kanmu shaida ne. Wane ɗan zango ne ba ya juya harshe uku? Ki yi wa ɗanki harshen da kika fi iyawa, wanda kike tatsuniya da shi, kike faɗa da shi, kike lallashi da shi. A kan wannan tubalin ne Turancin zai zauna daga baya.

To yaya aikin mai gyaran magana yake a makarantar ƙauye? A ƙasashen da suke da su da yawa, yakan ɗauki yaro shi kaɗai kowane mako. A ƙauyukanmu wannan ba zai yiwu ba, don mutum ɗaya ba zai zagaye makarantun gunduma kowane mako ba. Saboda haka in ya zo, yakan zauna a bayan aji ya saurara, ya ware yaran da yake shakka a kansu, ya zauna da iyaye ya ji tarihin yaro tun daga ciki: an haife shi da wahala? Ya yi zazzaɓi mai suma? Yaushe ya fara tafiya? Daga nan wanda ke bukatar gwajin kunne ko fiɗar leɓe ya rubuta masa takardar asibiti. Sauran aikin kuma sai ya danƙa shi a hannun mutanen da ke tare da yaron kullum, wato malami da uwa.

Abin da yake koya wa malami ba ya cin ko sidi ɗaya. A zaunar da yaron a gaba, inda zai ga bakin malam. Kada malam ya yi bayani yana fuskantar allo. A ba da umarni ɗaya bayan ɗaya, kada a jero uku a numfashi guda. A nuna abu a zahiri, in ana maganar ƙwarya a ɗaga ƙwarya. In an yi masa tambaya a ba shi lokaci, malam ya ƙirga goma a zuci kafin ya wuce ga wani. In yaro ya faɗi kalma a karkace, kada a ce ya yi kuskure, a maimaita masa ita daidai cikin magana a ci gaba. Sannan a hana dariya a aji, don dariyar nan ta fi bulala korar yaro daga makaranta.

Malamanmu na allo da na Islamiyya, Allah ya gafarta malam, ga wata da ta shafe ku. Mai in'ina sau da yawa bakinsa yakan sake in ana karatu baki ɗaya, ko yana rera waƙa. Da an ce ya tashi ya biya shi kaɗai, sai ya maƙale. Har ila yau za ka same shi a daji yana yi wa shanu magana tiryan-tiryan, ya dawo gida gaban babansa ya kasa. Sai a ce da gangan yake yi. Wallahi ba da gangan ba ne, haka lalurar take, an san ta da wannan a duk duniya. Tsawa da bulala ƙara ta suke yi. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce masa yi sauri. A dube shi a ido a jira. Kuma dukkanmu mun san Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa game da nauyin harshensa, wannan bai rage masa daraja ba.

Sai batun wanzami. A gidajenmu, in yaro ya yi jinkirin magana, abin da ake fara cewa shi ne a yanke masa linzami, wato zaren nan na ƙarƙashin harshe, ko a cire masa beli. Ina girmama iyayenmu wanzamai, sana'a ce mai tarihi. Amma linzami ba ya hana yaro sanin kalmomi, ba kuma shi ke kawo in'ina ba. In ya ɗaure harshe ƙwarai, wahalar da ya fi kawowa ita ce ta kama nono, kuma wannan a asibiti ake duba ta. Beli kuwa ba ruwansa da jinkirin magana. Abin da yankan kan jawo shi ne zubar jini da shigar ƙwayar cuta, ga kuma watannin da za a ɓata ana jiran bakin ya buɗe. Haka maganar nan ta cewa ai kawunsa ma sai da ya shekara biyar ya yi magana. Wasu yaran suna kamo tsararrakinsu da kansu, gaskiya ne. Amma ba ka da hanyar sanin ko naka yana cikinsu sai an duba, kuma shekarun farkon nan su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga alamomin da za ku riƙe. Jinjiri ya kai wata 12 ba ya gwalan-gwalan, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuni da yatsa. Ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya. Ya shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar ba ni, ko zo nan. Ya shekara 3 mutanen gida ma da kyar suke gane shi. Ko kuma yana magana sai ta ɗauke, musamman bayan zazzaɓi mai zafi, wannan kam kada a kwana. In'ina kuma, in ta wuce wata 6, ko yaro ya fara runtse ido yana gudun magana, a kai shi. Duk wadda kuka gani cikin waɗannan, ku faɗa wa nas a wurin awo, ko a ƙaramin asibitin ƙauye, ku ce a rubuta a littafin yaron, a ba ku takardar zuwa gaba.

Yanzu ina za a sami mutanen nan? Gaskiya ɗaya ce, sun yi kaɗan. Gana, ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 30, sai a 2016 Jami'ar Gana ta fara horar da masu gyaran magana a matakin digiri na biyu a Korle Bu, rukunin farko ya fito a 2018. Jami'ar kiwon lafiya da ke Ho ma tana koyar da fannin. A Lome kuwa, makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ƙasa tana yaye su tun bayan da ta buɗe sashen a 2003, don haka masu bin hanyar Aflawo ku sani akwai su a tsallaken boda. Yawancin waɗanda ake da su suna manyan birane. Ga yaron da aka tabbatar kurma ne, akwai makarantu. Ta farko wani Ba'amurke baƙar fata, shi ma kurma, mai suna Andrew Foster, ya buɗe ta a Osu a 1957, daga baya ta koma Mampong ta Akuwapem. A arewa akwai ta Savelugu da ta Wa da ta Gbeogo. A Kano akwai ta Tudun Maliki, kuma kuramen Kano suna da maganar hannu tasu cikakkiya, da ita suke ciniki da hira da wa'azi. Mai gyaran magana ba ya ƙin maganar hannu. Burinsa yaro ya sami hanyar faɗin abin da ke ransa, da baki ne, da hannu ne, ko da hoto.

Doka ma tana bayanku. Dokar masu naƙasa ta 2006 ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda lalurarsa kawai, sai fa in gwaji ya nuna makaranta ta musamman yake bukata. A 2015 kuma Gana ta fitar da manufar ilimin bai ɗaya, wadda ta ce a koyar da irin waɗannan yara tare da sauran. A ofishin ilimi na gunduma akwai jami'in da ke kula da ilimi na musamman, ku nemi ganinsa. Akwai kuma kason da ake ware wa masu naƙasa daga kuɗin gundumomi, ana tambayarsa a ofishin jin daɗin jama'a. Takarda ba ta aiki da kanta, sai an je an ƙwanƙwasa ƙofa.

To mu 'yan zango fa, mene ne namu? Ku tuna ma'anar sunan. Zango wurin da matafiyi ke sauka ne. Nima kanta da shanu ta fara, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami filin yana ajiye dabbobi kafin a kai su kasuwa. Har gobe ɗan'uwa in ya taso daga Bawku ko Yendi, gidanmu yake sauka. Daga Nima zuwa Korle Bu bai kai kilomita 10 ba. Wanda ke ruga ba shi da wannan kusancin, mu muke da shi. Saboda haka Alhaji, in za ka sauko da shanu Tulaku, ko Hajiya za ki zo sarin kaya kasuwar Laraba, ku taho da yaron. Mai masauki ya raka ku, ya zama tafinta, don mai yiwuwa ne wanda zai duba yaron bai iya Hausa ko Fulfulde ba. Ku zo da uwar yaron ko wadda ta rene shi, ita ta san tarihinsa. Ku zo da littafin awo da katin inshorar lafiya. Kafin ku taso, ku ɗauki yaron a waya yana wasa yana magana da harshen gida, don yaro in ya ga baƙon wuri yakan yi gum. In an ba ku takardar sakamako, ku ɗauki hotonta a waya, ku adana ta kamar takardar allurar shanu. Duk makarantar da ƙaura ta kai ku, ku nuna wa sabon malami, kada a koma farawa daga tushe. Ku kuma tambaya ko za a iya bin diddigin aikin ta WhatsApp, tunda ba kullum kuke gari ba.

A gida kuma, abin da za a ce ku yi mai sauƙi ne. A riƙa yi wa yaro magana a kan abin da ake yi. Ana tatsa, a ce ga nono, ga ƙwarya, ta cika. Ana ɗaure kaya, a ce wannan babba, wannan ƙarami. In ya faɗi kalma ɗaya, a mayar masa da biyu. A rage barinsa da waya shi kaɗai, don waya ba ta jiran amsarsa.

Kalmata ta ƙarshe ga tsararrakina, samari da 'yan matan Nima da Mamobi da suka gama sakandare suna neman abin karantawa. Kowa na son zama nas ko likita, madalla. Amma ga fanni yana neman mutane, kuma ku kuna da abin da ba a koyarwa a jami'a, wato Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Dagbani a baki ɗaya. Ranar da ɗan ruga zai zauna gaban mai gyaran magana ya ji an gaishe shi da harshen uwarsa, rabin gwajin ya riga ya yiwu. Ku je ku tambayi sharuɗɗan shiga a Ho da Korle Bu. Shugabannin zango da limamai kuma, ga ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, ga 22 ga Oktoba, ranar masu in'ina. Ku gayyaci masu gwajin kunne su zo makarantunmu, ko sau ɗaya ne a shekara.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba, musamman iyayenmu mata da ke ruga. Allah ya raya mana zuriya, ya buɗe bakin wanda ya yi nauyi, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.